Fitilun da Na Rataya a Aƙiƙ

Ku da kuke zuwa warsha, wato shagon aikinmu, kuna cewa aikin nan ba komai ba ne, wai a sayo fitila ta waya, a rataya ta da ƙugiya, a danna makunni, shi ke nan, to ku zauna ku ji. Sunana Isiyaku, mutumin Funtuwa ne ni, amma a unguwar Sultana in ba ka ce Mu'allim Ishaƙ ba, ba wanda zai nuna maka ni. Na daɗe ina aikin lantarki a Madina, kuma yawancin shekarun nan a kan abu ɗaya na yi su: fitilun da ake rataya wa shuka a cikin ɗaki.

Wanda ya zo daga gida kan yi dariya in ya ji haka. A ƙasar da rana ke narkar da takalmi, me shuka za ta yi da fitila? Ai ranar ce matsalar. Da zafi ya kama, latas da na'ana da jarjir ba sa kai labari a fili. Dole a shigar da su ɗaki, a kunna musu mukayyif ya sanyaya iska, to kuma ka raba su da hasken da suke rayuwa da shi. Nan ne ake kiranmu.

Wanda ya koya mini shi ne Mu'allim Bakur, mai warshar, kuma shi ne kafilina, mai tsaya mini, sunansa ne a kan iƙamata, wato takardar izinin zamana. Ɗan ƙasa ne, kakansa ya zo aikin Hajji daga ƙasar Hausa bai koma ba. Hausarsa tsohuwa ce, irin wadda ba ka ji sai a bakin kakanni, yana yi yana cusa Larabci a tsakiya. Na zo masa ina taƙama na iya wayarin tun daga gida. Ya duba hannuna ya ce, "Waya ka sani, ya waladi. Ganye fa?" Na ce ni ba manomi ba ne. Ya ce, "Ɗayyib. Za ka zama."

Aikina na farko ni kaɗai a Ƙuba ne, a gonar dabinon wata baiwar Allah da ake kira Ummu Salih. Tana da wani dogon ɗaki da a da ake tara dabino, ta mayar da shi wurin renon dashen tumatir da barkono, manoma na saye a wurinta. A lokacin fitilar sodiyam ake yayi, mai haske ruwan ɗorawa irin na bakin titi, kowace da akwatinta na ƙarfe mai nauyi da muke kira tarans. Na ja waya tsaf, na ɗaure komai, ko ƙura ban bari ba. Da na ga dashen ƙanana ne, sai na ce bari in sauko musu da fitilun kusa su sha haske su ƙoshi. Washegari da hantsi Ummu Salih ta kira Mu'allim. Muka je muka tarar layi biyu gaba ɗaya sun naɗe, bakin ganyen ya yi ƙasa-ƙasa kamar an soya. Matar ba ta ɗaga murya ba, ta ɗauki tire ɗaya ta miƙo mini ta ce, "Riƙe. Kwana ashirin ina renonsu."

Mu'allim bai zage ni a gabanta ba. Ya kunna fitilar, ya jira ta yi zafi, ya kama hannuna ya sa bayansa daidai inda kan shukar yake. Ban jima ba na janye. Ya ce, "Kai kana da ƙafar gudu. Ita fa?" Har yau da na'urar auna haske a jakata da ma'aunin zafi, amma sai na sa bayan hannuna kafin in sauka daga tsani.

Jakar tawa ba wani abin kallo ba ne a ciki. Filaya biyu, testa, mitar auna wuta, tef ɗin awo, sarƙa da ƙugiyoyi, sai wani ƙaramin littafi da nake zana ɗaki a ciki. Abin da ke da wuya ba a jaka yake ba. In mutum ya ce maka, "Wace fitila ce ta fi?" to tambayar ba ta da amsa sai ka shiga ɗakin. Dogon ƙwai irin na ofis ba shi da zafi, ba shi da tsada, ya wadatar da dashe yana ƙarami, amma da shuka ta tasa sai ka ga tana dogon wuya tana neman abin da babu. Sodiyam tana da ƙarfi, sai dai murhu ce. Ka kunna goma a ɗaki a watan zafi, mukayyif zai yini yana kokawa da su, tarans na gurnani, waya na ɗumi a cikin bango. Na taɓa buɗe tablon, wato akwatin da wutar gida ke rarrabuwa, a wani wurin renon furanni, na tarar robar waya ta narke ta manne da ta kusa da ita. Saura kaɗan wurin ya tashi da masu kwana a ciki.

Da fitilar LED ta shigo, wadda a nan muke ce wa lid, sai kowa ya ɗauka an huta. Gaskiya ta rage zafi, ta rage shan wuta, kuma tana daɗewa in ta kirki ce. Amma jabu ya fi na kirki yawa. Zafinta a baya yake taruwa, ba a gaba ba, in ƙarfen bayan siriri ne, bazara ɗaya za ta kashe ta. Akwai kuma mai haske shuɗi da ja da samari ke so don tana kyau a hoto. A ƙarƙashinta ba ka gane ganyen da ya fara ciwo, duk launinsu ɗaya, sai cutar ta gama layi sannan ka farga. Ni fara nake ba mutum, ya ga shukarsa da idonsa. Sai da na shekara biyu ina lallashin Ummu Salih kafin ta yarda muka sauke sodiyam ɗinta, kuma ranar da muka sauke, ta sa aka ajiye su a ɗakin ajiya, ta ce ba ta yarda da abin da ba ya zafi ba.

Wannan duk koyo ne, kowa zai iya in ya yi haƙuri. Abin da nake so ku ji shi ne shekarar da Mu'allim ya faɗi.

Da safe ne, yana tsaye yana nuna mini wata waya, sai filayar ta suɓuce masa, bakinsa ya karkace. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya fito daga asibiti a keken guragu, magana sai da ƙyar. Warsha ta dawo hannuna, takardu kuma suka koma hannun 'yarsa Hanan, malamar makaranta ce, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take mayarwa. Masu kawo aiki da yawa don Mu'allim suke zuwa, da suka leƙo suka ga baƙo a kujerarsa sai suka riƙa wucewa. Iƙamata kuma saura wata huɗu ta ƙare, kuma in warsha ta rufe, ba wanda zai sabunta mini. A wannan halin nake sai wani mutum ya tsayar da farar mota a ƙofa.

Ya ce a kira shi Abu Rakan. Bai kai arba'in ba, tufafinsa fes, yana magana a hankali. Ya ce yana da istiraha a can ƙarshen unguwar Aƙiƙ, irin gidan hutun nan mai doguwar katanga da mutane ke zuwa ƙarshen mako, yana so a haɗa masa ɗaki biyu. Na ce me za a shuka? Ya ce, "Khudar," wato kayan lambu. Na ce wane iri, don latas da tumatir ba haske ɗaya suke so ba. Ya ce, "Iri-iri. Kai dai ka sa mafi ƙarfi."

Na bi shi na ga wurin. Ɗakunan a can bayan gidan suke, an toshe tagoginsu da bulo, sabon siminti ko fenti ba a yi ba. An manne bangon da takarda mai ƙyalli. Wannan bai dame ni ba, na ga masu latas suna yin haka. Ya tambaye ni tsakanin sodiyam da lid, na tsaya na yi masa bayani kamar yadda na yi muku, har ina jin daɗin kaina. Bai saurari zancen ganye ba ko kaɗan. Abu biyu kawai ya riƙa maimaitawa: wacce ce ba za ta sa bango ya yi zafi daga waje ba, wacce ce kuma ba za ta sa mita ta yi gudu ba. Na ce lid. Sai ya ce, "Ba yadda za a yi a jawo wutar ta bayan mita?" Na ce wannan ba na yi, laifi ne. Ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce wasa yake, gwada ni yake yi.

A nan ya kamata in naɗe tef ɗina in tafi. Manomi ba ya tambayar zafin bango daga waje. Manomi in ka taɓa zancen shukarsa sai ka roƙe shi ya yi shiru. Na yi zargi, amma na tuna warsha da kwana tara ba wanda ya shigo, na ce a raina ni mai lantarki ne, ba ɗan sanda ba. Na cika takardar aiki kamar kullum, na rubuta fitila kaza, ɗaki biyu, don kayan lambu, ya sa hannu. Kwana uku na yi ina aikin. Aiki ne mai kyau, ban taɓa yin wanda ya fi shi tsafta ba. Da na gama na manna takardar warsha a murfin tablon, mai ɗauke da sunan Mu'allim da lambar wayata, kamar yadda muke yi a ko'ina. Ɗakunan babu komai a ciki na bar su.

Bayan wata biyu da 'yan kwanaki ya kira ni, ana gab da azahar. Ya ce wuta na yankewa a ɗaki ɗaya, in zo yanzu. Muryarsa ba irin ta da ba ce. Na yi salla na kama hanya. A ƙofa ya tsaya ya ce tablon kawai zan duba, ba sai na shiga ciki ba. Na buɗe na gwada, na ga matsalar ba a nan take ba, a cikin ɗakin take, wani abu ne aka ƙara wa layin da bai kamata ba. Na gaya masa. Ya kalle ni, sannan ya zaro mabuɗi.

Tun kafin ƙofar ta gama buɗewa warin ya doke ni. Wanda ya taɓa wucewa ta bayan tashar mota a gida ya san warin nan, ba ya ɓacewa. Ga su nan a jere cikin bokitai, sun kai ƙirjina, ganye mai yatsu, a ƙarƙashin fitilun da na auna da hannuna na rataya. Tabar wiwi ce, ɗaki guda cike.

Kun san ƙasar da muke ciki. Kun san abin da ake yi wa wanda aka kama da ƙullin abin nan a aljihu, balle gona. Ni kuma baƙo ne, baƙar fata, mai iƙama, kuma sunan warsharmu na manne a bango. Na durƙusa kamar ina duba soket don kada ya ga fuskata. Yana tsaye a bayana, tsakanina da ƙofa. Ya ce, "Ka ga wani abu, ya mu'allim?" Na ce, "Na ga an haɗa injin iska a layin fitila, shi ke yanke wutar. Sai na kawo waya mai kauri da wani makatsin wuta daga Sultana." Ya ce, "Bayan wannan fa?" Na ce, "Ni waya nake gani." Ya ce, "Madalla. Kai ka haɗa ɗakin nan, ka tuna. In ruwa ya zubo, kai zai fara jiƙawa." Ya raka ni har mota yana murmushi, ya ce gobe da safe yana jirana.

Ban san yadda na tuƙo motar ba. Na tsaya a gefen titi na wanke hannuna da ruwan gora, na shinshina rigata, na ga kamar warin na bina. Motar 'yan sanda ta wuce ni a hankali, sai da ta yi nisa na ga ashe numfashina na riƙe. Na yi tunanin in koma in ɓalle takardar tablon, amma takardar aiki fa, da kiran wayar da ke tsakaninmu, da shagon da na sayo fitilun da sunana? Na yi tunanin in nemi izinin fita in tafi gida, amma izinin a hannun kafili yake, kuma in na tsere, tsohon da ke keken guragu za a zo a ɗauka. Na yi tunanin in yi shiru in je in gyara masa gobe. To in na koma bayan na gani, na zama abokin aikinsa ke nan.

Na wuce Ƙuba gidan Mu'allim bayan la'asar. Yana zaune a tsakar gida an lulluɓe masa ƙafa, Hanan na ba shi shayi da cokali. Na gaishe shi, na kasa zama. Ya dube ni da idonsa mai lafiya ya ce, "Wa ya mutu?" Na faɗa musu komai, har da zancen mita, ban rage ba. Hanan ta ajiye kofin ta ce da Larabci, "Ammu Ishaƙ, sunan babana ne a bangon?" Na ce shi ne. Ta kama kai ta shiga kai da kawo, tana cewa za a rufe warsha, za a kira mahaifinta, mutumin da ko sunansa ba ya iya rubutawa yanzu. Gaskiya take faɗa.

Mu'allim ya daɗe yana tattara maganar a bakinsa. Ya ce, "Takarda. Ya sa hannu?" Na ce ya sa. "Me ka rubuta?" Na ce kayan lambu. "Saƙonsa a waya?" Na ce suna nan, har da muryarsa yana cewa khudar. Ya ce, "Kada ka goge ko ɗaya. Gobe mu je mu faɗa."

Na ce, "Mu'allim, in na shiga ofishin nan da ƙafata, wa ya ce zan fito? Shi ɗan gari ne. Zai ce ni na kawo iri, ni na koya masa. Maganar wa za a ɗauka?"

Ya ce, "In ka je, mai kawo labari ne kai. In suka zo, wanda aka kama ne kai. Zaɓi." Ya huta, ya ƙara da cewa, "Ba kai kaɗai ba. Ni ma ɗan gari ne. Hanan, a shirya kekena."

Ta ce likita ya hana shi wahala. Ya buga hannunsa na hagu a kan keken, ta bar maganar.

Da safe, a daidai lokacin da Abu Rakan ke jirana da waya mai kauri, ni ina tura keken Mu'allim zuwa cikin ofishin da ke kula da irin wannan laifi. Wayata na ta ruri a aljihu, sunansa ne, ban ɗauka ba. Hanan ta riƙe fayil. Jami'in da ya karɓe mu ya saurara bai katse ni ba, sannan ya karɓi wayar da iƙamata, aka kai ni wani ɗaki ni kaɗai. Mutum uku suka yi mini tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya, tambaya iri ɗaya ta fuska daban-daban. Ba wanda ya zage ni ko ya taɓa ni. Amma na ukun, wani mai furfura, ya ce, "Shekararka nawa a aikin nan?" Na faɗa masa. Ya ce, "Mutum ya toshe taga, ya ce ka zagaye mita, ya ƙi faɗa maka abin da zai shuka, kai kuma ba ka yi zargin komai ba?" Na ce, "Na yi zargi. Na ji tsoron rasa aikin." Ya daɗe yana kallona, ya rubuta. Har na fita ina jin na rataye kaina da wannan amsa.

Na zana musu gidan a takarda, ƙofa da ɗakuna da inda tablon yake. Da yamma suka sake ni a kan lamunin Mu'allim, wanda ya dangwala yatsan hagu a takarda. Ashe tun safe yana zaune a barandar ofishin, ya ƙi a mayar da shi gida. Aka ce kada in bar Madina, kada in yi magana da kowa, za a neme ni.

Mako bakwai na yi a haka. Ina buɗe warsha in zauna ina fuskantar titi, duk farar motar da ta rage gudu sai in miƙe tsaye. Ban san ko an kama mutumin ba, ban san ko yana da abokai da suka san fuskata ba. Na bar ɗakina na koma kwana wurin wani ɗan Maraɗi da muke salla tare, ban gaya masa dalili ba, shi ma bai tambaya ba. Iƙamata ta ƙare a cikin makonnin nan, ba halin sabuntawa sai an rufe magana. Sau biyu aka sake kirana, na maimaita abin da na faɗa. Labari kuma ya zaga Sultana a karkace, wai an kama mai lantarkin Mu'allim Bakur da ƙwaya. Masu gaishe ni suka koma ɗaga hannu daga nesa. A duk masu ba mu aiki, Ummu Salih ce kaɗai ta kira wayar warsha. Ta ce, "Na ji abin da ake faɗa. Fitila biyu sun mutu a layin barkono, yaushe za ka zo?" Na ce, "Hajiya, kin ji fa abin da ake faɗa." Ta ce, "Na ce maka na ji. Barkonon ba su ji ba."

A mako na bakwai aka kira mu, mai furfurar nan ya miƙo mini wayata da iƙamata, ya ce a matsayin shaida aka rubuta ni, ba abin da ake nema a wurina. Ya ce, "Takardar aikinka da zuwanka da kanka, su suka tsaya maka. Wani karon ka tambaya." Ban tambaye shi abin da ya sami Abu Rakan ba, shi ma bai faɗa ba. Na taɓa bi ta hanyar sau ɗaya, na ga ƙofar istirahar da sarƙa. Hanan ta sabunta mini iƙama, amma sai da muka fi shekara kafin aiki ya dawo yadda yake. Mu'allim bai ga dawowarsa ba, Allah ya yi masa rasuwa kafin azumin shekarar, aka binne shi a nan Madina.

Tun daga nan na kafa wa kaina doka: ba na sayar da fitilar shuka, ba na rataya ta, sai na ga shukar ko irinta da idona, na kuma san mai ita. Na rasa ayyuka saboda haka, wasu sun zage ni, sun ce ina ruwana. Kuma tsoron bai gama fita ba, ga abin da ya faru bara.

Wani saurayi ya shigo, haihuwar nan, na yi masa Hausa ya amsa da Larabci. Ya ce yana son lid guda biyu, na ɗaki ne a gidan haya a Aƙiƙ, ɗakin ba taga. Da na ji sunan unguwar sai na ajiye abin da ke hannuna. Na ce me aka shuka? Ya ce bai san sunansa ba, wani ganye ne aka kawo irinsa daga Afirka. Na ce sai na gani. Ya ce bismilla. Na bar wa maƙwabcina mai gyaran mukayyif sunan titin, na ce in bai gan ni ba zuwa la'asar ya kira Hanan.

Muka hau bene hawa uku. Ya buɗe wani ɗan ɗakin ajiya kusa da kicin. Bokitin fenti guda biyar, a cikinsu tsirrai dogaye sirara, ganye mai yatsu. Na ja da baya har na buge da bango. Na ce, "Kai! Ka san abin da ka ajiye a gidan nan?" Yaron ya tsorata, ya ce, "Wallahi na kakata ne!"

Sai na ji murya daga ɗaki, Hausa tsantsa irin ta Damagaram: "Wane ne ke ihu a kan ramata?"

Wata tsohuwa ce ta fito tana dafa bango. Na koma na sunkuya, na murza ganye ɗaya na shinshina, na sa a baki. Tsami. Rama ce, irin wadda uwata ke kwaɗantawa da ƙuli-ƙuli. Shekaru sun yi yawa ban gan ta a tsaye ba, har na manta yadda ganyenta ke kama da wancan. Na zauna a ƙasa ina dariya.

Tsohuwar ta ce tun tana amarya aka kawo ta ƙasar nan, ba ta sake komawa ba. Wata 'yar'uwarta da ta zo Umra ta kawo mata irin a ƙullin gyale. Ta shuka a baranda rana ta ƙone, ta shigar ɗaki suka yi dogon wuya suna faɗuwa. Ta ce, "Ɗana, ni dai in ci kwaɗonta sau ɗaya kafin a kai ni makwanci."

Na rataya mata farar lid guda ɗaya, don biyu sun yi wa bokiti biyar yawa. Na cire ƙyauren ɗakin gaba ɗaya na jingine shi a baranda don kada a ce ana ɓoye wani abu, na sa jikan ya rubuta sunan shukar da Larabci da manyan baƙaƙe ya manna a bango, ya kuma kira mai gidan ya hau ya gani da idonsa, ya ɗanɗana. Bayan mako biyar yaron ya shigo warsha da kwano a leda, ya ajiye a kan tebur, ya yi ta juya harshe, sannan ya ce da Hausa, "Kaka ta ce ka ci, ka dawo da kwanon."